Amsa: girman kai ne ya hana Proctor magana ko nauyin laifi?

Ƴar'uwa tambayarki akan wasan The Crucible na Arthur Miller (1953), wai me yasa John Proctor ya daɗe bai tona zinar da yayi da Abigail, tsohuwar ƴar aikin gidansa da ke jagorantar masu zargin mutane da maita, ba alhali yana gani ana kama mutane da sharrin maita a garin Salem na Amurka. Ni a ganina duka biyun ne, amma tsoron zubewar mutunci yafi yawa. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa, coci da kotu kuma kusan abu ɗaya ne a 1692, in ya faɗa sunansa ya gama lalacewa kenan.

Laifin kuwa yana cinsa sosai. Ki duba inda Rabaran Hale, limamin coci da yazo binciken maita, yace ya kawo dokoki goma na Littafi Mai Tsarki, ya lissafo tara tsaf, wadda ta hana zina ce kawai ta ɓace masa sai matarsa Elizabeth ce ta tuna masa.

Abin da yafi taɓa min zuciya wallahi shine fitowa ta uku, ya daure ya faɗa da bakinsa gaban alƙali Danforth don a gane Abigail ƙarya take, yace matarsa bata taɓa ƙarya ba, aka kirawo ta aka hana ta kallon fuskarsa, ita kuma baiwar Allah don ta rufa masa asiri tace bai aikata ba. Shikenan shaidarsa ta rushe, shi ma aka kama shi da zargin maita.

Yaga takardar amsa laifin maita da yayi a ƙarshe kuma ban ɗauke shi girman kai ba sam, ƙin barin sa hannunsa ne akan ƙaryar da zata shafa ma su Rebecca Nurse, dattijuwa mai mutunci da aka yanke wa hukuncin kisa kan maita, baƙin jini.