Idan Aka Ce Jini Ya Ɓalle: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, matata na da ciki wata 8. Ina yawan jin an ce wance ta haihu jini ya ɓalle mata. Me ya bambanta shi da jinin biƙi? (Magidanci daga Funtuwa)

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Jinin biƙi kowace mai jego tana yi, yana raguwa a hankali har wajen arba'in. Ɓallewa kuwa, ko tsinkewa kamar yadda wasu ke cewa, ita ce jini ya ƙwace ya ƙi tsayawa, kamar ruwa ya fasa madatsa. Ma'auninmu a asibiti rabin lita ne cikin awa 24 da haihuwa, wato cikin leda ɗaya ta ruwan fiya wata. A ɗaki ba mai aunawa, don haka a lura: zani ya jiƙe sharkaf, an sake wani ya jiƙe, ga gudaji, ga jiri da zufa mai sanyi. Galibi mahaifa ce ta kasa tsukewa, ko ragowar mabiyiya ta maƙale, ko an samu yagewa.

Abin da ke sosa min rai shi ne a ce "ƙazanta ce ke fita, a bar ta". Wallahi mace mai ƙoshin lafiya na iya rasuwa cikin awa 2. Ta haihu a asibiti, inda ake yin allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, da zarar jariri ya faɗo. Tun yanzu ka tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. In abin ya faru a gida, a riƙa murza mata mara, a sa jariri a nono, a kama hanya.

Tambaya: Al'adata na kai kwana 10, ga kasala. Shi ma ɓallewa ce? (Matar aure daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar uwa, in ta wuce kwana 7, ko kina sake auduga duk awa ɗaya ko biyu, jinin ya yi yawa. Kasalar na iya zama ƙarancin jini. Ki je a auna jininki, a ɗauki hoton mahaifa ko akwai ƙari. In kuwa kin yi ɓatan wata kafin jinin, ki tafi yau, kada ki kwana.

Tambaya: Ɗana na yawan haɓo lokacin hunturu. (Uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, bushewar iska ce ke fasa cikin hancin. Kada ya ɗaga kai sama, jinin zai bi maƙogwaro. Ya zauna ya sunkuya, ki matse taushin hancin minti 10 ba saki. In ya kai minti 20 bai tsaya ba, sai asibiti.