Tambaya da Amsa: Neman Diyyar Inshorar Tafiya da Takardun da Ake Buƙata

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Na biya wa mahaifiyata kujerar Umara a watan azumin da ya gabata, kuma ejan ɗin da ya yi mana aikin biza ya ce ya haɗa da inshorar tafiya. A Madina jininta ya hau, ƙanwata da ta raka ta ta kai ta wani asibitin kuɗi, aka kwantar da ita, muka biya daga aljihunmu. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi ta dawo gida. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne rasit biyu da Larabci da kwalayen magani. Ta yaya za a mayar mini da kuɗina, kuma waɗanne takardu za a nema?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta. Abu na farko shi ne ka koma wurin ejan ka karɓi takardar yarjejeniyar inshorar ita kanta, domin mutanenmu da yawa suna biyan kuɗin ba tare da sun taɓa ganinta ba. A cikinta ne za ka ga sunan kamfanin, da lambar yarjejeniyar, da ranar da inshorar ta fara aiki da ranar da ta ƙare, da iyakar kuɗin da za a iya biya, da abubuwan da aka ce babu ruwan kamfani da su, da kuma wa'adin da aka ba ka na sanar da su abin da ya faru. Ka kuma tambaye shi wace inshora yake nufi, saboda tun daga shekarar 2020 hukumomin Saudiyya suke haɗa inshorar lafiya ta gaggawa a cikin kuɗin bizar Umara, kuma wannan kamfanonin can ne ke riƙe da ita, da lambar fasfo ake gano ta. Idan ita yake nufi, to can za a aika da buƙatar. Idan kuwa wata ce dabam ya saya a hannun kamfanin nan gida, nan za ka nufa.

Da zarar ka gane kamfanin, ka rubuta musu wasiƙa ko imel a ranar, ko da takardunka ba su kammala ba. Ka faɗi sunan Hajiya kamar yadda yake a fasfo, da lambar yarjejeniya, da ranar da aka kwantar da ita, da sunan asibitin, ka ce sauran takardu suna tafe. Yarjejeniyoyi da dama suna ba da kimanin kwana 30 ne kawai, wasu ma ba su kai haka ba, kuma makara ita ce hujja mafi sauƙi da kamfani zai riƙe ya ƙi biya. Kiran waya ba ya barin shaida, saboda haka duk abin da kuka yi magana a kansa ta waya ka biyo shi da rubutu.

Rasit biyun da kake da su suna nuna cewa an biya kuɗi, amma ba su nuna abin da ya sa aka biya ba, kuma shi kamfani wannan ne abin da yake son sani. Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce rahoton likitan da ya duba ta, wanda ya bayyana ciwon da aka samu, da ranar kwantarwa da ranar sallama, da irin maganin da aka yi, ɗauke da sa hannunsa da hatimin asibiti. Bayan shi sai takardar lissafi wadda ta rarrabe kuɗin gado da na gwaje-gwaje da na magani da na ganin likita, kowanne da adadinsa. Kwalayen magani ba sa zama shaida. Takardar da likita ya rubuta maganin a kai da rasit na kantin magani su ake so. Idan da katin banki aka biya, ka nemi bayanin asusu na waɗannan kwanaki. Sannan za su ba ka fom ka cike, su nemi kwafin shafin fasfo mai hoto da shafukan da aka buga hatimin fita da shiga, da kwafin biza, da tikiti, da katin shiga jirgi idan ba a yar da shi ba, da lambar asusun da za a zuba kuɗin. Tunda takardun asibitin da Larabci suke, mai yiwuwa ne su buƙaci fassara zuwa Turanci daga wanda zai sa hannu da hatimi a kan aikinsa, ba fassarar da ɗan'uwa ya yi a gida ba, ko da kuwa malamin Larabci ne.

Na san za ka ce ai an riga an dawo, ina za a samu rahoton likitan Madina. Ba a rasa hanya ba. Ka duba rasit ɗin, galibi akwai lambar fayil ɗin majiyyaci a jiki. Hajiya ta sa hannu ko ta dangwala a takardar ba da izini, a haɗa da kwafin fasfonta, a aika wa asibitin, ko kuma a ba wani amintacce da ke can, kamar ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ya je ya karɓo. Asibiti ba ya ba kowa bayanin majiyyaci sai da izininsa, don haka kada a tura mutum hannu rabbana.

Akwai wurare biyu da nake jin za a yi ja-in-ja da kai, kuma gara ka sani tun yanzu. Na farko, kusan kowace inshorar tafiya tana ɗauke da lambar wayar gaggawa da ake so a kira kafin a kwantar da mutum, ko kuma nan da nan bayan an kwantar da shi, domin su amince da asibitin su kuma yi magana da shi kai tsaye. Ku ba ku kira ba. Ka bayyana musu a rubuce cewa lamarin na gaggawa ne, kuma takardar ba ta hannun matafiyan a lokacin. Wannan bayani yakan taimaka, ko da yake ba dole ba ne ya sa a biya duka. Na biyu shi ne ya fi girma: idan Hajiya dama tana da hawan jini kuma tana shan magani kafin tafiyar, yawancin yarjejeniyoyi ba sa ɗaukar nauyin ciwon da mutum ya tafi da shi, sai dai in an faɗa tun wurin saye an amince. Wasu suna biyan wani kaso idan ciwon ya tashi farat ɗaya har ya zama barazana ga rai. Za su iya neman rahoto daga likitan da ke duba ta a nan, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko wani wuri. Shawarata ita ce kada ka ɓoye komai, domin likitan Madina ya riga ya rubuta tarihin ciwon a fayil ɗinsa, kuma idan bayanai biyu suka ci karo, an ba kamfani damar watsi da buƙatar gaba ɗaya.

Ko an amince za a biya, kada ka sa ran a ba ka kuɗin cif-cif. Akwai wani adadi na farko da yarjejeniya kan ce mai inshora ne zai ɗauka da kansa, sai abin da ya haura shi kamfani ya biya. Ka kuma tambaya da canjin wace rana za a lissafa riyal zuwa naira, domin a irin yadda naira take hawa da sauka bambancin ba ƙarami ba ne. Kafin ka miƙa ainihin kowace takarda ka yi kwafinta, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da zai zauna a wurinka.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce daga Runjin Sambo. Na dawo daga Alƙahira na sauka a Abuja, jakata ɗaya ba ta fito ba. Ma'aikatan suka karɓi lambar wayata suka ce za su kira ni, ni kuma ina sauri kada jirgin Sakkwato ya tashi ya bar ni. Yau mako biyar ke nan shiru. A cikin jakar akwai abayoyin sayarwa da kayan sawata da sarƙar zinari. Ina da inshorar tafiya. Wa zan bi?

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kamfanin jirgin za ki fara bi, domin kamfanin inshora ba zai saurare ki ba sai ya ga abin da ya fito daga can. Takardar da ya kamata a cike miki kafin ki bar wurin ɗaukar kaya ita ce rahoton ɓatan kaya, wanda ma'aikatan filin jirgi ke kira PIR, mai ɗauke da lambar da ake bin sawun jaka da ita a duk filayen jiragen da ta bi. Ba da lambar waya kawai bai wadatar ba. Ki rubuta wa ofishin kamfanin jirgin yanzu, ki tambaya ko an buɗe miki wannan rahoto, ki haɗa da kwafin tikiti da katin shiga jirgi da 'yar takardar nan da ake liƙa wa fasfo ko tikiti lokacin awon kaya. Wannan 'yar takarda ita ce shaidar cewa sun karɓi jakar daga hannunki.

Doka tana tare da ke a nan. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Nijeriya da Masar duk suna cikinta, ta ce idan jaka ta kwana 21 ba ta iso ba, fasinja yana da damar neman diyya kamar ta ɓace. Sai dai diyyar tana da iyaka, wadda tun daga ƙarshen Disamban 2024 take kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja, kuma ba a ba da ita dunƙule, sai gwargwadon abin da mutum ya iya tabbatarwa da rasit ko wata shaida. Wa'adin kai ƙara kotu shekara biyu ne. Ga masu karatu da jakarsu ta iso amma a fashe ko a yage, kwana 7 kacal suke da shi na kai kuka a rubuce. Idan kamfanin jirgin ya yi kunnen uwar shegu, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji.

Shi kamfanin inshora zai nemi rahoton nan, da wasiƙar kamfanin jirgi da ta tabbatar da ɓatan jakar ta kuma faɗi nawa suka biya ki, da jerin kayan da ke ciki da farashin kowanne da rasit ɗinsa. Zai cire abin da jirgi ya biya, ya kuma rage wani abu saboda tsufan kayan sawa. Amma gaskiya ɗaya ce, ba na ganin za a biya ki abayoyin da sarƙar. Inshorar tafiya kayan amfanin matafiyi take karewa, ba hajar kasuwa ba, kuma zinari da tsabar kuɗi da waya galibi an sharɗanta su kasance a jakar hannu. Mai sarin kaya daga waje inshorar jigilar kaya ce ta dace da ita, wadda dabam ake sayenta.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Tambuwal. Na sayi inshorar lafiya don neman bizar zuwa Jamus, amma ba a ba ni bizar ba. Zan iya karɓar kuɗina?

AMSA: Ɗana, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ƙasashen Turai da ke tsarin biza ɗaya ta Shengen ba sa karɓar buƙatar gajeriyar ziyara sai da inshorar da ta kai aƙalla yuro 30,000, shi ya sa aka tilasta maka saye tun kafin a yanke hukunci. Kamfanoni da dama suna mayar da kuɗin idan ka kai wasiƙar ƙin ba da biza daga ofishin jakadanci, da takardar inshorar, da rasit, da kwafin fasfo, muddin ranar fara aikin inshorar ba ta zo ba, kuma sukan cire ɗan ladan aiki. Ka duba sashen soke yarjejeniya a takardarka ka gaggauta. Kuɗin bizar kuwa ba ya dawowa.

TAMBAYA: Malam, na kai duk takardun da aka nema, daga baya wani ma'aikaci ya kira ni ya ce ba za a biya ba, bai faɗi dalili ba. Inshorar takaful, wato ta tsarin Musulunci, na saya saboda gudun shubuha. Ina zan kai kuka? Daga mai karatu a Gwadabawa.

AMSA: Malam, maganar waya ba hukunci ba ce. Ka rubuta wa shugaban sashen biyan diyya na kamfanin, ka nemi a ba ka dalilin ƙin biyan a rubuce tare da nuna sakin layin yarjejeniyar da aka dogara da shi. Sau da yawa a nan ne ake gano cewa takarda ɗaya ce ta rage, ko kuma sunan da ke rasit bai yi daidai da na fasfo ba, matsalar da takan sami mutanenmu masu rubuta suna iri biyu ko uku, kuma takardar rantsuwa daga kotu takan warware ta. Idan ta hannun dillalin inshora mai lasisi ka saya, bin wannan magana yana cikin aikinsa.

In har amsar ba ta gamsar da kai ba, ko an ƙi amsawa, ka kai ƙara Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta take Abuja. Kamfanonin takaful ma a ƙarƙashinta suke, ita ta fitar musu da ƙa'idojin aiki a 2013, saboda haka sashenta na sauraron koke-koke zai karɓi naka kamar na kowa. Ka haɗa kwafin yarjejeniya, da shaidar biyan kuɗinta, da fom ɗin da ka cike, da duk wasiƙun da kuka yi musaya bi da bi bisa kwanan wata, da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya. Kuma idan kafin nan suka kawo maka wani ɗan abu tare da takardar da ke cewa ka karɓi haƙƙinka cikakke, kada ka sa hannu sai ka yarda da adadin, domin bayan wannan sa hannun da wuya a sake buɗe maganar.