Amsa ga mai tambaya ko zaɓe na da wani amfani

Malam, ka ce wai meye amfanin bin layi cikin rana tunda duk wanda ya hau mantawa yake da talaka, ga 'yan unguwa an daina gaisawa saboda jam'iyya. Wallahi nima abin na ci min rai. Amma duba zaɓen 2023, sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, Tinubu ma da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 ya ci, kaga mu da muka zauna gida mu muka bar wa masu rabon taliya da atamfa fili.

Ni shawarata ka fara daga ƙasa. Kansilanku ka san sunansa kuwa? Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to ku haɗu, ɗan APC da ɗan PDP da ɗan NNPP, ku je sakateriya ku tambayi ciyaman ina maganar burtsatse da rufin firamarenku. Ku kai a rubuce, ku riƙe kwafi.