Kuɗi da kwanciyar hankali: abin da na gani

Malam, ka tambaya ko yawan samu ne ke sa mutum ya ji daɗin rayuwa, ko wadatar zuci kaɗai ta isa. Bari in faɗa maka nawa.

Shekara tara ina koyarwa a firamare kafin kawuna ya ja ni Kantin Kwari. A lokacin, littafin bashin mai shagon unguwarmu shi ke hana ni barci. Da wata ya kai 20 sai in riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada mu haɗa ido. Akwai daren da 'yata ta kwana da zazzaɓi, da safe na tsaya a kemis da takardar likita ina lissafin wane magani zan bari. Wanda duk ya ce maka kuɗi ba komai ba ne, bai taɓa yin wannan tsayuwar ba. Abokaina da na baro a aji ma sun fi ni ganin tasku bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma a lokacin ko buhun shinkafa ɗaya bai saya.

Da asirina ya rufu, shekara biyun farko ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Daga nan sai ma'auni ya sauya. A makaranta, ni da babur ɗina cikin manya nake. A Kwari kuwa maƙwabcina kwantena yake saukewa daga Sin, ni ina fama da dila biyu. Ga biki, ga suna, ga kuɗin makarantar 'ya'yan dangi, kowa na cewa Alhaji ya samu, alhali ko Makka ban je ba tukuna.

Wasu masana a Amurka, Kahneman da Deaton, sun ce a 2010 jin daɗin yau da gobe na bin samu har wajen dala 75,000 a shekara, sannan ya tsaya. Wani masanin, Killingsworth, ya zo a 2021 ya ce ba ya tsayawa. Su ƙarata can. Ni nawa jin daɗin ya fara tangal-tangal ne ranar da na soma leƙen shagon mai kwantena, sai da kawu ya lura ya ce in mayar da kujerata ta fuskanci titi.