Filin Tambaya da Amsa: Gidan Kwantena da Gidan Haɗi a Kaduna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a Millennium City, kuɗin haya kuma ya ishe ni. An ba ni shawarar in sayi kwantena mai ƙafa 40 a mayar mini da ita gida, wai ta fi ginin bulo sauri da araha. Haka ne? Daga wani magidanci a Kawo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauri kam gaskiya ne. Idan kwantena ta iso, gwanin mai walda zai iya gama ƙofofi, tagogi da rabe-raben ɗakuna cikin 'yan makonni, ko da damina. Gara ba ta cin jikinta, fasa ta kuma ba wasa ba ne ga ɓarawo. Maganar araha ce ke buƙatar lissafi.

A fara da girma. Tsawonta kusan mita 12 ne, amma faɗin cikinta bai wuce mita 2.35 ba. Da an lulluɓe bango da abin tare zafi, sai ya koma wajen mita 2.2. Ka sa gado shida-da-shida, abin da ya rage maka ɗan lungun wucewa ne. Ka nemi doguwar, mai tsayin ƙafa 9 da rabi, don in an yi silin a rataya fanka ba tare da fargaba ba.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Ƙarfen da ya wuni a ranar Maris da Afrilu tanda ne, da hunturu kuma sanyi ya ratsa shi, ya riƙa yin gumi ta ciki yana jawo tsatsa. Maganinsa uku ne, kuma muna roƙo kada a tsallake ko ɗaya. A ɗora rufin kwano daban a sama, a bar tazarar santimita 30 zuwa 50 iska na ratsawa, bakinsa ya zarce bango ya yi masa inuwa. A sa abin tare zafi, wato kumfar feshi ko audugar dutse, mai kaurin aƙalla milimita 50 a bango da sama. Sannan a ajiye ta yadda dogayen ɓangarorinta za su kalli kudu da arewa, kada ranar yamma ta gasa su. Farin soson nan mai rahusa yana tare zafi, amma wuta na kama shi, kada a kai shi kusa da kicin.

Nauyin kwantena a kan kusurwoyinta huɗu yake. A zuba ginshiƙan kankare da rodi a ƙarƙashinsu, a ƙara biyu a tsakiya, a ɗaga ta sama da ƙasa kamar santimita 45, a kuma yi mata walda da farantin ƙarfen da aka binne a kankaren saboda guguwar farkon damina. Duk inda aka yanka taga an rage mata ƙarfi, don haka a zagaye wurin da ƙarfe mai kauri, in ba haka ba rufi ya lotsa, ruwa ya kwanta. Masu walda na kasuwar Panteka sun san wannan aiki, sai dai mai gida ya tsaya kai da fata. Wayoyin lantarki duk su bi ta cikin fayif, a haɗa jikin kwantenar da ƙarfen atin, wanda ke kai wutar lantarki cikin ƙasa, domin idan waya ɗaya ta feɗe, jikin gidan duka zai ɗauki wutar lantarki. Katakon daɓenta ma ana jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga masana'anta, a cire shi ko a rufe shi da daɓen siminti da tayil.

Ka tara waɗannan da kuɗin tirela da na kireni, ka kwatanta da ɗaki biyu na bulo kafin ka biya ko sisi. Sau da yawa bambancin ba ya kai yadda ake zuzutawa.

Tambaya: Irin gidan allo-allo da ake haɗowa daga masana'anta fa, yana buƙatar izini? Zan iya sayar da shi da riba nan gaba? Daga wata 'yar kasuwa a Barnawa.

Amsa: Hajiya, ki je KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, da zanen gidan kafin a sauke komai a filin, ki kuma tabbatar takardun filin sun bi ta KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar. Cewa ana iya ɗauke gidan ba ya hana a sa masa jan fenti.

Riba kuwa, a fili take. Shi gidan kamar mota yake, darajarsa raguwa take yi da shekaru, banki ma takardar fili yake dubawa. A Amurka tun 1976 akwai ƙa'idar tarayya da ke kula da ingancin irin waɗannan gidaje, a nan kuwa idonki ne zai yi miki aiki: ki sa a rubuta miki kaurin allon, abin da ke cikinsa, da ko ƙarfen mai hana tsatsa ne. Inda ya fi bulo shi ne in filin na aro ne ko haya, ranar tashi a kwance shi a tafi da shi. Kowace shekara kafin ruwan Mayu, a duba mahaɗan allunan da kan kusoshin rufi, a sake cike inda robar ta bushe, don ta nan yoyo ke farawa.