Tambaya da Amsa: Wa ya koyar da Chopin?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara sauraren kiɗan piyano na Chopin ɗin nan na ƙasar Poland a waya, abin ya burge ni sosai. To shi wa ya koya mishi? Kuma malamin nashi ya yi wani abin kirki da kanshi ko dai albarkacin ɗalibinshi yake ci? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malamai biyu ne. Wanda ya fara ɗora mishi yatsu a kan piyano tun yana yaro shi ne Wojciech Żywny, amma wanda ya koya mishi tsara kiɗa, wato ƙirƙira da rubutawa, shi ne Józef Elsner, kuma gaskiya in aka ce Elsner albarkacin ɗalibi kawai ya ci an ɗan rage mishi.

An haifi Elsner a 1769 a Grodków, yankin Silesia, Jamusanci ne ma yaren gidansu. Likitanci ya tafi karanta a Vienna, kiɗa ya ja shi ya watsar da karatun, ya zama mai buga goge irin na Turawa a Brno (ƙasar Czech a yau), daga nan ya jagoranci makaɗan gidan wasan kwaikwayo a Lviv (ƙasar Ukraine a yau) daga 1792. A 1799 ya tare a Warsaw ya riƙe makaɗan gidan wasan ƙasa har 1824, shekara 25 kenan fa, yana ta rubuta opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, da yaren Poland a lokacin da Rasha da Prussia da Austria sun riga sun raba ƙasar a tsakaninsu, babu ma Poland a taswira a lokacin da ya iso. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da sai da ya girma ya ƙware a yaren, shi ne kuma ya zauna a 1818 ya rubuta littafi kan karin sauti da awon yaren Poland don mawaƙa su san inda za su sauke murya.

Chopin ya yi karatu a makarantar kiɗan da Elsner ke shugabanta daga 1826 zuwa 1829. Bai matsa mishi ya bi tsohuwar hanya ba, ya sakar mishi mara, a rahoton shekara ta uku ma ya rubuta cewa yaron nan baiwarsa ta wuce misali. Chopin kuwa ya sadaukar mishi da sonata ɗinsa ta farko, wato wani dogon kiɗan piyano mai sassa-sassa.

Bayan tawayen da mutanen Poland suka yi wa mulkin Rasha a Nuwamba na 1830, hukumomin Rasha suka rufe makarantar a 1831. Elsner ya yi ta aika wa Chopin wasiƙa a Paris, inda ya koma da zama, yana roƙonsa ya rubuta opera kan tarihin Poland, shi kuma ya liƙe wa piyano abinsa har ya mutu a 1849 bai rubuta ko ɗaya ba. Malamin ya bi bayansa a 1854, a gonarsa da ke wajen Warsaw.