Jika 700 ba su isa a sayar wa kowa da kowa ba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa. Kin ce kin kwashi adashe, maigida ya ƙara miki wani abu, duka ya kama jika 700, wato sefa dubu 700, kina son buɗe shagon tufafi a unguwar Zariya a nan Maradi. Kina tambaya ko ki zuba komai da komai, na maza da na mata da na yara, don kada mai saye ya shigo ya fita hannu rabbana. Na ga wasu ƴan uwa sun ce ki zuba duka, kowa ya zo ya samu nasa. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma ba a littafi na karanta ba, kuɗina ne suka koya mini.

A 2012 na buɗe nawa shagon a Sabon Gari da jika 500, da irin wannan tunanin naki. Na sari atamfa turmi goma, shadda kala huɗu, leshi shida, hijabai, wandunan samari, takalman mata, da ƴan rigunan jarirai da na ƙara a ƙarshe don canjin da ya rage. Ranar da na jera su, shagon ya yi kyau, har maƙwabta suna shigowa kallo. To amma ga abin da ya riƙa faruwa. Mace ta shigo neman atamfa, ta ɗaga turmi goman nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce "su ke nan?" Sai ta hau kabu-kabu ta nufi babbar kasuwa, inda Alhazai suka jera atamfa tun daga ƙasa har rufi. Namiji ya zo neman shadda, fara yake so, ni kuma shuɗi da ruwan ƙasa gare ni. Saurayi ya ga wandon da ya yi masa, lambarsa babu. Kowa ya shigo ya tarar da ɗan abin da yake nema, amma bai tarar da zaɓi ba, mai sayen tufa kuwa zaɓi yake biya. Cikin wata takwas rana da ƙurar hunturu sun cinye bakin atamfofin da ke kusa da ƙofa, na sayar da su ƙasa da yadda na saro.

Kawuna ne ya cece ni, Allah ya jiƙansa, tsohon ɗan koli ne da ya ci kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Bai ba ni ko dala ba. Cewa ya yi in sayi kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, in raba shafi biyu: gefe guda abin da ya ƙare na sake sarowa, gefe guda abin da aka tambaya ba ni da shi. Bayan wata uku muka zauna muka duba. Atamfa sau ɗaya na sake sarowa. Leshi ko sau ɗaya. Ƴan rigunan jariran nan da na raina, sau biyar. A ɗaya gefen kuma kusan rabin shafin tawul ne, hular jariri, safa, zanen goyo, shawul. Kawu ya ce, "To, kasuwa ta gaya miki wace ce ke, saura ki ji."

Da na zauna na yi tunani sai na ga dalilin a fili yake. Shadda da atamfa suna da lokacinsu, haihuwa kuwa ba ta da damina ba ta da rani. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maradi na da mutum sama da miliyan 3, kuma ke ma kin sani, da wuya mako ya wuce ba ki ji suna a layinku ko cikin dangi ba. Sannan suna ranar bakwai ne, ba a ɗaga shi don wata bai yi ba. Mace za ta iya haƙura da sabon zane har Sallah, amma ba za ta shiga gidan barka hannu sake ba, musamman idan mai jegon ta taɓa yi mata biki, dole ta rama. Ga kuma abin da ya fi komai: jariri ɗaya, masu saye goma. Uwa ta saya, uba ya saya, kaka, gwaggo, inna, ƙawaye, matan unguwa. Na kwashe sauran kayan na karyar, na mayar da shagon na jarirai da ƙananan yara zalla. Maigidana har dariya ya yi mini, wai na bar shadda na koma sayar da safa.

Abin da ya ɗaga ni ba kayan ba ne kaɗai, ɗaurin ne. Na lura mai zuwa barka ba riga take nema ba, abin da za ta miƙa ba tare da kunya ba take nema, kuma tun daga gida ta san nawa za ta kashe. Sai na riƙa haɗa ƙunshi a leda mai kyau: na jika 3, na jika 5, na jika 10. Riga da wando, hula, safa, sabulu, a babban kuma a ƙara tawul ko shawul. Tana shigowa sai in ce, "Hajiya, na nawa za a ba ki?" Ciniki ya ƙare cikin minti biyu, ba a tsaya taya kowace safa ba, kuma kayan da ke jinkiri su ma sun bi cikin ƙunshin sun tafi.

Kada ki ɗauka cewa nake ki bi sawuna. Yanzu masu kayan jarirai sun yi yawa a garin nan, ribar kowane guda ƙarama ce, sai an sayar da yawa. Farare suna saurin datti a kanta, kuma akwai ƴan China da wanki ɗaya ke mayar da rigar ɗan wata shida ta ɗan kwana bakwai, idan kika sayar wa mace irin wannan sau ɗaya, ta gaya wa gidan suna gaba ɗaya. Abin da nake so ki ɗauka shi ne ki zaɓi mutum kafin ki zaɓi kaya. Wace ce ita, yaushe kuɗi ke shiga hannunta, me ke tilasta mata saye, kuma in ba ta saya wurinki ba ina take zuwa?

Bari in bi miki waɗanda na sani. Babbar shadda irin Getzner da atamfa irin Holandis, ki manta da su a yanzu. Ɗinkin mutum ɗaya zai haɗiye miki jika masu yawa, jarinki duka ba zai cika kanta ɗaya ba, kuma za ki yi gogayya da mutanen da ke sauke kaya da kwantena. Cinikinsu kuma na Sallah ƙarama da babba ne, sai bukukuwan aure bayan kaka, ga bashi, domin masu sa irin waɗannan kayan su ne suka fi iya cewa "sai ƙarshen wata". Hijabi da abaya suna tafiya sosai a Maradi, ga ƴan Islamiyya ga matan aure, amma ribar tana wurin wadda ke sayen yadi ta ba tela nata na kanta. In za ki sari ɗinkakke ki sayar, wadda ke ɗinkawa a gida za ta karya miki farashi. Ƴan matan jami'ar Dan Dicko Dankulodo suna saye da zafi, sai dai yayinsu a waya yake, abin da suka gani a TikTok wannan watan ya tsufa wata mai zuwa, in aka tafi hutu kuma shago ya yi tsit. Wannan layin na mai jini a jika ne wadda ita ma take cikinsu.

Bosho, wanda ƴan Najeriya ke ce wa gwanjo, yana da riba fiye da yadda mutane ke zato, amma sayen dila rufe kamar sayen rago ne cikin duhu. Wata dilar ki fitar da kuɗinki daga zaɓin farko, wata ki buɗe ki tarar rabi tsumma ne. Masu wayo ba dila suke saye ba, sammako suke yi ranar da ake fasawa su tsinci na sama. Rigunan sanyi kuma ciniki ne na wata biyu, Disamba da Janairu, wadda ba ta tanada tun Oktoba ba sai ta saya da tsada, wadda ta bari ya kwana mata kuma sai baɗi. Haka kayan ƴan lakwal, Oktoba ne kasuwarsu.

Akwai kuma mutanen ƙauye, waɗanda ƴan birni ke mantawa da su. Litinin da Juma'a garin nan cika yake da mutanen Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji da sauransu. Bayan kaka, in an sayar da gero da wake da aya da riɗi, kuɗi na hannunsu kuma ba sa neman bashi. Da damina kuwa kowa na gona, sai ki wuni ba ki ga kowa ba. Amma waɗannan ba za su biyo ki Zariya ba, sai kina bakin kasuwa ko kusa da tasha. Wannan ma wani abu ne: wuri da mai saye tare suke tafiya. Ni da na ƙaura kusa da wani gidan haihuwa, cinikina ya canza ba tare da na ƙara ko riga ɗaya ba.

Ki kuma tambayi kanki ta wace hanya kayan za su zo. Yawancinmu Kano muke sari, Kantin Kwari, a bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024, ga hanyar Kwatano ita ma ta toshe. A karon farko hanya ɗaya na sani, na yi watanni kanta rabi babu kaya, abin da ya shigo ta ɓarauniyar hanya kuma kuɗin ɗauko shi ya cinye ribar. Tun daga nan na nemi dillali na biyu a nan cikin gari da na uku a Yamai, na kuma sa tela biyu suna ɗinka mini zanen goyo da ƴan riguna. Faɗuwar naira ma takobi ce mai kaifi biyu. Sefarki za ta sayi kaya da yawa a Kano, gaskiya ne, amma maƙwabciyarki ma ta san haka, tana iya zuwa Katsina da safe ta dawo da yamma ta sayar a ɗakinta ba haya ba patanti, wato harajin shago. Don haka in kina lissafin farashi, ki sa kuɗin mota, duwan (kwastan), ɗan dako da asarar canji a ciki, kada ki tsaya kan abin da kika biya mai kanti.

Da ni ce ke, da ba zan kama shago wannan watan ba. Zan ɗauki jika 100 in sari abu iri ɗaya tak, in sa a status na WhatsApp, in kai gidajen suna da biki, in ga su wa ke tambaya kuma su wa ke biya, domin masu "nawa ne?" sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba. In kuma samu kujera a layin da nake son shagon, in zauna safe da yamma kamar mako biyu ina kallon masu wucewa: matan ma'aikata ne, ɗalibai ne, masu goyo ne? Zariya ba Sabon Gari ba ce, kuma ba Bagalam ba ce. In abin ya nuna hanya, sai in raba sauran: kamar jika 150 haya da kanta, 300 kaya, 150 a ajiye a gefe. Wannan ajiyar ita ce za ta ba ki damar sake saro abin da ya ƙare a makon da ya ƙare, kafin mai saye ta saba da wani shagon.

Abu mafi wuya zai zo bayan kin buɗe. Wata za ta shigo ta ce, "Ba ki da mayafi?" Gobe wani ya ce, "Ba ki da hula?" Zuciya ta ce miki ga kuɗi na wucewa. Taura biyu ba ta taunuwa, ƙanwata. Ni nuna musu shagon maƙwabciyata nake yi, ita ma duk mai goyo da ta shiga wurinta ni take turo wa. In za ki faɗaɗa, ki bi mai sayenki ɗaya ɗin nan, kada ki nemi sabo. Jaririn da na sayar wa hula a 2014 ya girma, sai na ƙara kayan ƴan shekara biyu zuwa bakwai, sannan kayan Sallar yara, sannan rigunan masu ciki da na masu jego, domin uwar ce dai ke shigowa. Wandon samari kuwa ban sake taɓa shi ba.

Maganar bashi, ki yanke tun ranar farko, domin dangi ne za su fara. Ni ƙunshin barka ba na ba da shi bashi ko ga wa, na ce musu kuɗin mutane ne, kuma ba ƙarya na yi ba tunda adashe nake zubi da shi.

Leshin nan shida na sarin farko, huɗu na samu na rabu da su da ƙyar, ɗaya ma a kayan auren ƙanwar maigida ya tafi kyauta. Biyu suna nan ƙasan akwatina har yau, ruwan hoda, yayinsu ya wuce tun tuni. Ɗiyata ta ce in ba ta ta yi labulen ɗakinta da su, na ce ta bari tukuna.